Tsirkiya Ta Uku da Saniyar Falmata

Jiya jikan maƙwabcina ya zo mini da salula a hannu, ya ce ya iya kiɗan gitar. Na ce madalla, yaushe ka fara? Ya ce tun bayan ƙaramar salla. Ya nuna mini hoton yatsu a fuskar salular, ya ce ai abin ba wuya, akor uku ne kurum: La minar, Re minar, sai Mi. Na ce gaskiyarka, ɗana. Tuwo ma abu uku ne, gari da ruwa da wuta, shi ya sa tun da aka kafa duniya ba a taɓa jin wanda ya yi gudaji ba. To ku matso, ku masu gama sana'a tsakanin salla da salla, in gaya muku yadda akor na ukun nan ya kusa kai saniyar wata baiwar Allah mahauta a nan Gure.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne goge tsirkiya. A ba ni tsumma da ɗigon man keke, in bi tsirkiyoyi shidan nan ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, har gumin hannun jiya ya fita. In na gama, in duba tsagar da ke bayan gitar, in narka ƙaro in cike inda ya buɗe. Gitar ɗaya ce tak a gidan samari na garin nan, a farkon shekarun saba'in, kuma ta girme ni. Na daɗe ina yi mata wannan hidima kafin a yarda in rungume ta. Ku yanzu kuna sayen taku da safe, da la'asar kun zama malamai.

Maigidana Kafaran Kiyari ne. Kafaran shi ne abin da mutanen kudu ke ce wa kofur. Tsohon soja ne, ya yi shekaru yana busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan bariki, a can ya koyi karatun sauti na Nasara, do re mi ɗin nan. Da haƙoransa na gaba suka zube, ƙaho ya ƙi shi, sai ya dawo gida ya kama koyar da gitar. Hannunsa ya yi nauyi ga tsirkiya, saboda haka ni ke kaɗawa, shi kuma ya tsaya a kaina da tsumagiyar aduwa. Kunne dai Allah ya ba shi. In ƙuda ya wuce, sai ya gaya maka sautin da yake yi, ya ƙara da cewa ƙudan bai iya ba.

Ga abin da ya koya mini, ku saurara, tun da salularku ba ta da tsumagiya. Akor sautuka uku ne da ake kaɗawa lokaci ɗaya su zauna lafiya. Na ƙasa da na sama mutanen kirki ne, ba su sauya magana. Na tsakiya shi ne munafukin. In ya ɗan ɗaga, akor ya zama majar, ya washe baki. In ya ɗan sauka, ya zama minar, ya sunkuyar da kai. Mushen lakwal na lokacin, wato malamin makarantar boko, yakan ce minar na baƙin ciki ne. Ni dai na kaɗa minar a bukukuwa mata sun yi rawa har ɗankwali ya faɗi, amma wa ya isa ya musa wa mai takarda.

Kafaran yakan jera ƴaƴan gidan La minar kamar soja a fili. La minar shi ne bariki, daga nan ake fita, nan ake komawa. Re minar tafiya ce, an bar gida amma ba a yi nisa ba. Do da Fa da Sol duk majar ne, ƴan'uwa ne na maƙwabta, sukan shigo su yi raha su wuce. Akwai wani gurgu a kan Si wanda ba mai gayyatarsa sai dole. Sannan na biyar, Mi, wanda aikinsa guda ne: ya kora kowa zuwa gida. Asalin haihuwarsa minar ne kamar uban gidan, amma Nasara sun ɗaga masa na tsakiyan nan, daga sol zuwa abin da ake ce wa sol diyez, don ya ja kunne da ƙarfi zuwa La.

"Mi minar rago ne, Mutari," in ji Kafaran. "Roƙon soja yake ya koma bariki. Mi majar ba ya roƙo, oda yake bayarwa."

Bambancin ragon da jarumin kuwa yatsa ɗaya ne. Manuniya, a gaɓar farko ta tsirkiya ta uku. Ka danna, majar. Ka ɗaga, minar. A kan wannan yatsa na sha tsumagiyar da ko jakin kanwa bai sha ba. Ga ta nan, ku duba, har yau a tanƙware take kamar tana jiran oda.

Masu kiranmu a shekarun daɗi ma'aikata ne, malaman lakwal da na gidan likita da ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito, in suna buki ko suna. Kowa ya zo sai ya ce a kaɗa masa irin ta rediyo. Ka tambaye shi wacce, ya ce wadda aka sa rannan. Sai in kama La minar, in leƙa Re minar, in dawo ta Mi, ya gyaɗa kai ya ce ita ce. Waƙa ɗaya na sayar wa rabin garin nan, kowa yana ganin tasa ce daban.

Sai shekarar fari ta zo. Ba zan tsaya ba ku labarinta ba, kakanninku sun fi ni iyawa. Abin da ya shafi sana'armu shi ne buki ya ɗauke kamar ruwan sama. Wa zai kira makaɗi alhali tukunyarsa a kife? Makiyaya suka riƙa gangarowa daga arewa, wani da raƙumi ɗaya, wani da sanda kurum. Ungulu ta yi ƙiba, mahauta suka koyi fara'a. Abin da ya riƙe mu shi ne an ce manyan baƙi za su zo daga Damagaram su saurari ƙungiyoyin waƙa na garuruwa, sai kumandan mai mulkin garin ya sa a riƙa auna wa ƴan ƙungiyarmu hatsi don kada mu watse. A shekarar nan, wanda ake auna wa hatsi ya fi mai sarauta.

Gyaran tsirkiya na wannan shekara ba zan manta da shi ba. Sabuwa sai daga Damagaram, motar kuwa ta fi damuwa da buhun hatsi. In tsirkiya ta dushe, sai in kwance ta in tafasa a gwangwani, dattin ya fita, ta ɗan farfaɗo. In ta tsinke kusa da kai, in ƙulla. Sirara biyun nan na ƙasa, in sun mutu, sai in je wurin mai gyaran keke in warware wayar birki in zaro sili ɗaya. Amma ta uku naɗaɗɗiya ce, keke ba shi da irinta. Saboda haka ita nake lallaɓawa kamar tsohuwa mai ciwon baya.

A wannan hali Falmata ta shigo mana. Daga wajen Kelle take, matar makiyayi. Mijinta ya yi kudu da ragowar garke neman ciyawa, shiru kake ji. Ya bar ta da yara biyu da wata jar saniya mai ɗan maraƙi, wadda ba ta iya tafiyar ba. Ta kafa bukka a bayan katangar gidan samari. Wata safiya Kafaran ya ji tana tatsa tana yi wa saniyar waƙa da Barbarci, irin wadda ake yi don ta saki nono. Ya tsaya da tsumagiya a hannu har ta gama. Ni na san shi, bai taɓa barin mutum ya kai ƙarshen waƙa ba sai ranar. Ya leƙa ya ce ta zo gobe.

Ta zo, ba don tana son waƙa a gaban jama'a ba. Hatsin ne. Ta daka, garin na yara, dusar ta saniya. Ku da kuke zubar da dusa ba za ku gane ba, a shekarar nan mutane ne ke cin ta, ba mai ba ka ko tafin hannu. Muddin Falmata na cikin ƙungiya, saniya na da abin lasa. Ranar da aka cire ta kuwa, saniyar za ta zama fata. Akwai wani mahauci da ya fahimci haka tun kafin mu. Kowace safiya sai ya biyo ta bayan katanga.

"Ya Falmata, ina kwana? Ya jikin ja?"

"Lafiya lau take."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi. Ina nan dai in an buƙace ni."

Ban taɓa ganin mutum mai kula da lafiyar dabbar wani kamarsa ba.

Ɗora gitar a kan waƙarta shi ne aikin da ya fi ba ni wuya a rayuwata, ga shi kuwa akor ukun nan ne naku masu sauƙi. Na laluba na samu muryarta ta zauna daram a La minar. Re minar ma ya karɓe ta. Sai mu zo gaɓar da waƙa za ta juya gida, inda take jan sunan saniyar, in danna Mi majar kamar yadda aka dake ni in yi. Nan take sai ka ji kamar an goga wuƙa a kan wuƙa. Waƙoƙin mutanenmu da sautuka biyar suke tafiya, kuma a wannan gaɓar sol take ja, wankakke, kamar yadda uwarta ta ja shi. Ni kuma manuniyata na ba da sol diyez, ɗan taki kaɗan a samanta. Sautuka biyu da suka yi kusa haka ba su zama lafiya, gara su yi nisa.

Kafaran ya ɗaga tsumagiya. Ya dubi yatsana, ya ga yana inda doka ta ce. To laifi ba zai zama na doka ba.

"Falmata, muryarki na faɗuwa a nan. Ɗaga ta kaɗan. Ankor, sake."

Ta sake. Wuƙa a kan wuƙa.

"Ba ki ji gitar ba? Bi ta."

"Baba Kafaran, ina bin ta. Ita ce ba ta san hanya ba."

Ƴan amshi suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Kafaran ya ce gitar nan ta ƙetare teku kafin ta zo Gure, ba matar da ba ta wuce Kelle ba ce za ta nuna mata hanya. Ya rera mata sautin da bakinsa marar haƙora, ta bi shi har ta kama, amma da an shiga waƙa sai ta koma gidan jiya. Haka muka yi ta yi, yamma bayan yamma. Wata rana ta zo ta ce masa, ba da wasa ba:

"Baba, na gwada wa saniya irin taka da safe. Ta waiwayo ta dube ni, ta riƙe nononta."

"Saniya ba ta yi bariki ba," in ji shi.

Da zuwan baƙi ya matso, haƙurinsa ya ƙare. Ya ce ba zai tsaya gaban mutanen Damagaram da muryar da ke karo da gitar ba, a ce Kiyari ya tsufa har kunnensa ya bi haƙoransa. Akwai wata ƴar lakwal da ta iya do re mi tsaf, muryarta kamar ta ɗan akuya da aka ɗaure a rana, amma ba ta kuskure. Ya ce wa Falmata zuwa ranar kasuwa, in ba ta gyara ba, zai ba yarinyar wurinta. Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Na ji tausayinta, amma ni yaron gida ne, ba a tambaye ni ba. Washegari mahaucin nan har da kawo wa yaranta dabino.

Ana jibi kasuwa, da la'asar, ina ɗaure gitar a gindin bedi, dogon yaron nan na tsakar gida. Na murɗa ta ukun a hankali, ina lallashi, sai na ji tas. Ta tsinke a tsakiya, inda ba ƙulli ba dabara. Na zauna da guntaye biyu a hannu ina lissafin tsumagiya. Kafaran ya zo ya duba, ya faɗi wasu kalmomi na bariki da ba zan maimaita wa yara ba, sannan ya aika saƙo wurin direban da ke zuwa Damagaram. Ya ce kafin nan a ci gaba da biyar, soja ba ya fasa fareti don maɓalli ya ɓalle.

Muka fara. La minar bai rasa komai ba, na tsakiyansa a wata tsirkiyar yake. Re minar ma haka. Muka iso Mi. Na danna manuniya a inda ta saba, ta sauka a kan itace tsirara. Abin da ya fita na ƙasa ne da na sama kurum, ba majar ba minar, ɗaki ne da aka share aka bar ƙofa a buɗe. Falmata ta ja sol ɗinta ta shiga ta zauna a tsakiya. Ƴan amshi suka manta da amshi. Wata tsohuwa mai tallan ƙuli da ke wucewa ta sauke farantinta a bakin ƙofa.

Kafaran ya matso kusa. Ya ce ankor, muka sake. Ya sake cewa ankor. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi gitar, abin da ya daɗe bai yi ba, ya kafa Mi da yatsunsa masu nauyi ya kaɗa. Ya yi gunjin sol a hanci. Ya yi gunjin sol diyez. Ya sake sol. Ya miƙo mini ita.

"Yau ta gyara," in ji shi. "Na gaya muku horo ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Falmata ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe. Ni na gane, shi ma ya gane, kuma ya san na gane. Amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana dukan yatsun ƴaƴan mutane don a danna, ba zai wayi gari ya ce a ɗaga ba. Muka bar kaza cikin gashinta. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba wanda ya ambaci ƴar lakwal.

Direbobin da kuka sani ba su taɓa kawo saƙo a kan lokaci ba. Wannan kuwa, don Allah ya jarrabe mu, sai ga shi da safiyar ranar da baƙi za su saurare mu, da ƙunshin tsirkiya shida sababbi fil a takardarsu. In ta uku ta hau, ko dai in danna, Falmata ta zama mai faɗuwar murya a gaban manya, ko in ɗaga, in karya dokar maigidana a gaban idonsa. Ita ma ta gane, don ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya a jikin bedi, da tsohuwar ƙwaryar tatsarta a hannu, wadda ta tsage take yoyo.

Kafaran ya zauna a kan tabarma ya buɗe ƙunshin da kansa. Yana miƙo mini ɗaya ɗaya ina ɗaurawa. Ta shida, ta biyar, ta huɗu. Ya tsallake ya ba ni ta biyu da ta fari. Sannan ya warware ta ukun, ya ɗaga ta a rana yana juyawa. Tana walƙiya kamar awarwaron amarya.

"Masu kantin nan sun cuce mu," in ji shi. "Wannan ta yi tsatsa."

"Baba Kafaran, ai..."

"Na ce ta yi tsatsa, Mutari. Ko idonka ya fi nawa?"

Na ce wane ni. Ya naɗe ta a yatsa ya jefa wa Falmata.

"Ungo, ƴar nan. Ɗinke ƙwaryarki, kina ta zubar da nono a ƙasa kamar kin samu da yawa."

Da yamma muka tsaya gaban baƙi da tsirkiya biyar. Wani mai tabarau a cikinsu ya ƙirga, ya tambayi Kafaran ina ta shidan. Kafaran ya ƙame kamar a fareti ya ce, "Haka ake kaɗa ta a Gure, mushe." Mutumin ya gyaɗa kai kamar dama ya taɓa jin haka. Falmata ta yi waƙar saniyarta, suka sa ta maimaita. Kada ku zaci mu aka zaɓa, wata ƙungiya aka ɗauka mai riguna iri ɗaya. Amma kumandan ya ji daɗin yadda baƙinsa suka yi shiru, ya ce a ci gaba da auna mana hatsi har ruwa ya sauka. Mahaucin nan ya daina gaisuwa. Ashe dama ba shi da kirki.

Jar saniya ta kai damina tana tangaɗi, ta ci ɗanyar ciyawa, ta tashi. Wata safiya Falmata ta shigo gidan samari da ƙwarya cike, ɗinkin waya na sheƙi a gefenta, ko ɗigo ba ya fita. Ta durƙusa ta ajiye gaban Kafaran. Ya ɗaga ya sha, mai rashin haƙora dama nono ne abincinsa. Na ga babban yatsansa yana bin ɗinkin a hankali. Ya goge baki, ya ce surutu ya isa, a kama aiki.

Muka shiga waƙar. Da muka iso Mi, na ce a raina tun da ba tsirkiya a wurin, me zai sa in wahalar da yatsa. Na ɗaga manuniya. Kafin in sauke numfashi tsumagiya ta sauka a kanta.

"Danna."

"Baba Kafaran, ai babu komai a wurin."

"Na sani," in ji shi. "Danna."